Mai jiran babban kifi a kan dutse

Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Batsari da Safana ba mazauni ba ne. Yana gangarowa daga duwatsu da jigayi ya bi ƙoramu, wani ya faɗa Bunsuru, wani ya bi Gada ya ratsa Jibiya ya tsallaka Maraɗi, daga bisani duka su haɗu a Gulbin Rima. Daga can sai Argungu, inda a bikin kamun kifi na 2020 aka fito da kifi mai nauyin kilo 78. Wato ruwan da mutumin Darini yake gani yana wucewa ta bayan gonarsa a watan Agusta, da shi ake ciyar da kifin da ake ɗagawa gaban sarakuna. Shi kuwa abin da ake bar masa yashi ne. Kafin sanyi ya gama sauka ƙoramu sun ƙafe, kifin da yaron wannan yanki ya tashi da saninsa bai wuce tarwaɗar kududdufi ba, sai gaiwa da ake haƙowa daga busasshen laka da rani.

Madatsun ruwa biyu ne suka sauya wannan lissafi. An kammala ta Zobe, kusa da Dutsin-Ma, a 1983, a kan kogin Karaduwa. Ta Jibiya kuma, a kan Gada, ta biyo baya. Don noman rani da ruwan sha aka gina su, ba wanda ya sa kifi a gaba. Amma sun kawo wa yankin abin da bai taɓa samu ba: ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa. Babban kifi kuwa ba wani abu ba ne illa kifin da aka bari ya tsufa. Tarwaɗar da ke mutuwa a kududdufi tana 'yar wata shida, idan ta samu ruwan da zai riƙe ta shekara biyar ko goma, wata halitta ce daban, mai kai kamar turmi, mai iya fizge sanda daga hannun ƙato.

Akwai wani dattijo ɗan asalin Darini da ya gane haka da wuri. Ba gadon su ya yi ba, manomi ne ɗan manomi. Cin rani ya kai shi Yawuri yana saurayi, ya yi shekaru yana dakon kifi da ƙyafe shi a bakin tafkin Kainji, tsakanin Sarkawa, waɗanda su ne suka gaji ruwa kaka da kakanni. Bai dawo da jirgi ba, bai dawo da taru ba, domin waɗannan kayan masu jari ne. Abin da ya dawo da shi ya shiga aljihu ɗaya: ƙugiyoyi manya, ƙunshin zaren lilo, da sanin inda babban kifi yake kwana.

A gindin dutse yake kwana. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Dutsen da ke cikin ruwa yana tara gansakuka, gansakuka tana tara ƙwari da ƙananan kifaye, su kuma su jawo mai cin su. Ga inuwa, ga ramukan fakewa, ga zurfi kusa da gaɓa, ta yadda wanda ba shi da jirgi zai iya kai ƙugiyarsa inda mai jirgi yake kaiwa. Shi ya sa duwatsun da aka jera a jikin madatsa don hana ruwa cin ƙasa, da fale-falen da ruwa ya shanye rabinsu, suka fi kowane wuri daraja a idon mai fatsa. Sai dai dutsen da ya tara kifin shi ne kuma makamin kifin. Da zarar ya ji ƙarfe a bakinsa, rami yake nufa, ya goga zaren a kaifin dutse har ya tsinke. Duk wani shiri da mai fatsa yake yi a gida, a kan waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ne.

Sai maganar koto. Tana da gara da dunƙulen tuwo suna kama kifi, amma ƙanana ne ke riga babba zuwa, su tsattsage koton tun bai iso ba. Ƙaramar karfasa mai rai, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, ta fi ƙarfin bakin waɗannan 'yan sa-ido. Wanda zai iya haɗiye ta ne kawai zai taɓa ta. Bayan haka, motsinta shi ne kira. A gefen jikin kowane kifi akwai wani siririn layi daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko a duhu ko a ruwa mai laka. Kifin da ya ji rauni yana motsi ba daidai ba, mafarauci kuwa yana jin wannan daga nesa kamar yadda kura ke jin kukan akuya. Tarwaɗa tana ƙarawa da gashin bakinta, wanda da shi take ɗanɗanon ruwa. Giwan ruwa ita kuma idonta an yi shi ne don ƙarancin haske, shi ya sa yake ƙyalli idan an haska shi da tocila.

Raya koton shi ne rabin aikin, kuma a nan ne sabon shiga yake faɗuwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, don haka karfasa goma a cikin bokiti a ranar bazara ba sa kaiwa la'asar. Dattijon yana huda tsohuwar jarka ta ko'ina, ya ɗaure ta da igiya ya nutsar a inuwar dutse, ruwa yana shiga yana fita. Idan tafiyar da nisa, 'yar tarwaɗa ya fi so, domin tana shaƙar iska daga sama, tana jure abin da karfasa ba ta jurewa. Wajen saka ƙugiya ma akwai ƙa'ida. Ana soka ta a baya, ƙasa da ƙayar gadon baya kaɗan, sama da ƙashin tsakiya; aka taɓa ƙashin nan, kifin ya sandare, ya zama gawa mai numfashi. Inda ruwa ke gudu kuwa ta leɓe ake sakawa, don koton ya fuskanci ruwan kamar yadda ya saba.

Kayan aikinsa ba su da kyan gani, amma kowanne da hujjarsa. Zare biyu yake haɗawa: dogo na hannu, sai gajere mai kauri sosai a kusa da ƙugiya, kamar kamu biyu ko uku, wanda shi zai sha gugar dutse. A Kainji, inda ake da tsage mai haƙora kamar ƙusa, waya ake sawa a wannan wuri, ita ma giwan ruwa murfin kunnenta yana da kaifin da ke yanke lilo. Tsakanin zarurrukan biyu akwai ɗan ƙarfe mai juyawa, saboda koto mai rai ba ya daina zagaye, in babu shi zaren murɗewa yake yi. Abin da ke riƙe koton a zurfin da ake so guntun tsohon silifa ne a sama, da nauyi a ƙasa. Dalma tana da tsada, dutse kuma cinye ta yake yi, don haka tsohon filogin babur yake ɗaurawa, da siririn zare wanda da gangan aka zaɓe shi mara ƙarfi. Idan nauyin ya maƙale a rami, shi kaɗai zai tsinke, kifi da ƙugiya su tsira. Wannan dabara ta fi duk wani abu da ake sayarwa a kanti hikima, kuma kusan kyauta ce.

Abu ɗaya ne ba ya sassauci a kansa: ba a naɗa zare a hannu, balle a ɗaura shi a ƙugu. A kan guntun icce ake naɗawa. Kifi mai kilo goma sha biyar a cikin ruwa ya fi mutum ƙarfi a kan dutse mai santsi, lilo kuma idan ya miƙe yanka yake yi kamar reza. Yakan zaɓi inda zai tsaya da inda zai jawo kifin ya fito tun rana ba ta faɗi ba, ya ajiye ƙugiyar ɗauka mai dogon icce a inda hannu zai kai ba tare da ya waiwaya ba. Sa'an nan sai haƙuri lokacin da silifan ya nutse. Babban kifi yakan kama koto a gicciye, ya ɗan yi tafiya, ya juya shi ya haɗiye ta kai. Wanda ya fizga da wuri ƙwace masa abinci kawai ya yi. Wanda ya yi jinkiri ya ba shi lokacin shiga rami. Tsakanin biyun nan ba a koyar da shi da baki.

Abin da wannan manomi yake yi da filogi da silifa, shi ne attajirai ke biyan dubban daloli su yi a wasu wurare. A ƙasan magangarar Murchison da ke Yuganda, masu yawon buɗe ido suna tsayawa kan duwatsu suna jefa ƙaramin kifi mai rai don giwan ruwa. A tafkin Nasser na Masar, wanda madatsar Aswan ta haifar, an kama wadda ta kai kilo 104 a shekarar 2000. Sandunansu na zamani ne, da na'urar naɗe zare mai birki da ke sakin zare daidai gwargwado idan kifi ya ja, aikin da dattijon yake yi da tafin hannu da tsumma. Da yawansu ma mayar da kifin suke yi bayan an ɗauki hoto, abin da zai ba mutumin Darini mamaki, tun da shi kifi ɗaya irin wannan kuɗin buhun taki ne. Amma inda ake tsayawa, da inda ake soka ƙugiya, da tsoron kaifin dutse, duk ɗaya ne.

Ba kowa ne yake kallon soka ƙarfe a jikin abu mai rai da sauƙi ba, kuma suna da hujja. Sikotland ta hana yin koto da kifi mai rai a ruwayenta tun 2007. A nan gida ma, kwaɗo koto ne da tarwaɗa ke so ƙwarai, amma masunta da yawa suna ƙyamarsa saboda hadisin da ya hana kashe shi. Dattijon yana cikinsu. Haka nan ba ya ɗauko koto daga wani ruwa ya kai wani, ko da bai taɓa jin labarin tafkin Victoria ba, inda giwan ruwan da aka zuba a shekarun 1950 ta kusa ƙarar da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye.

Duk wannan ilimi a kan lokaci ɗaya ya rataya. Babban kifi ba ya farauta da tsakar rana. Daga faɗuwar rana zuwa bayan isha yake fitowa daga rami, sai kuma gab da asuba. Mai fatsar dutse mutumin dare ne dole, shi kaɗai ko su biyu, nesa da gari, ba wuta, ba hayaniya. A yammacin Katsina kuwa dare ya daɗe da barin hannun talaka. Batsari da Safana da Jibiya duk suna bakin Dajin Rugu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a hari ɗaya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta taƙaita hawa babur da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka kuma katse layukan waya. Ko wane irin amfani waɗannan matakai suka yi wa tsaro, ga mai fatsa ma'anarsu ɗaya ce: sa'o'in da kifi ke ci su ne sa'o'in da ba a fita. Wanda ya tsira daga 'yan bindiga a hanya, sai ya yi wa 'yan sintiri bayanin abin da ya kai shi bakin ruwa da talatainin dare da jarka da ƙugiya.

Idan ana ƙidaya abin da rashin tsaro ya ci, rayuka da shanu da gonaki da makarantu ake ambata, kuma su ya kamata a fara ambata. Sana'a irin wannan ba ta shiga lissafin kowa, saboda masu yin ta ba su da yawa, ba su da ƙungiya mai murya. Sai dai ita ba a ajiye ta a ɗauko. Noma ko an yi shekara uku ba a je gona ba, yaro ya san fartanya. Fatsar dutse kuwa sai yaro ya kwana a gefen babba sau da yawa, ya ga an yi kuskure, ya ga an gyara, hannunsa ya ji bambancin jan koto da jan mai cin koto. Samarin da suka tashi a cikin waɗannan shekaru su na rana suka koya: kalli mai ƙananan ido, wani lokaci har gidan sauro, wanda ke kwashe kifi tun yana kamar ɗan yatsa. Ba mugunta ce ta sa su ba, cefanen yau suke nema kafin magariba. Amma wannan ragar tana cin koton babban kifi, tana kuma cin babban kifin shekaru biyar masu zuwa.

Tun da aka fara zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin a 2025, akwai masu komawa gonakin da suka bari. Dattijon bai koma kwana a bakin ruwa ba. Yana fita ne bayan sallar asuba idan hanya ta fara ɗaukar mutane, ya isa rana ta riga ta hau, ya samu sauran abin da ya rage na lokacin cin kifi, wanda bai fi sa'a guda ba. Manyan ƙugiyoyin da ya zo da su daga Yawuri suna cikin gwangwanin madara, a jiƙe da man gyaɗa don kada su yi tsatsa. Waɗanda yake ɗaurawa yanzu matsakaita ne, daidai bakin kifin da ake samu da hantsi.