Kati Guda Ba Ajiya Ba Ne

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda bai kai kwalin ashana girma ba, amma yana ɗauke da amanar jama'a. Shi ne katin memori na kyamara, wanda masu Faransanci ke kira kart memwar. Mu masu ɗaukar hoto a nan Malanville, da shi muke shiga gidan biki, da gidan suna, da walimar saukar Alƙur'ani. In muka fito, fuskokin dangi kaf suna cikin aljihunmu.

A da, lokacin da ake aiki da fim, in an wanke hoto sai negatif ya rage a hannun mai hoto. Ko na bango ya ƙone, ko gara ta ci na cikin adaka, a koma a sake wanko wani. Malick Sidibe na Bamako ya adana nasa cikin kwalaye shekaru da yawa, shi ya sa duniya ta ga yadda samarin Mali suka yi zamaninsu, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. Ke nan tun asali hoto wuri biyu yake kwana, ɗaya gidan mai shi, ɗaya shagon mai ɗauka.

Yau fa? Katin SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, yana cin hotuna dubbai, amma ba ya barin negatif. Da 'yar wutar lantarki da ke tsare cikin ƙwayoyinsa yake riƙe hoto. Wutar nan kuwa tana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Kowa ya san zafin garin nan a watan Afrilu, lokacin da awo ke wuce 40. Ga ƙura, ga gumi, ga batir da kan mutu ana tsakiyar ɗauka ya ɓata abin da ke ciki. Sannan akwai katin jabu. A rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. In ya cika ba zai faɗa maka ba, sai ka zo buɗe hotuna ka tarar sun lalace.

Bayan zafi sai ruwa. Mu da ke bakin kogin Isa ba sai an ba mu labari ba. A 2010 ambaliya ta shafi gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin, ta taɓa mutum wajen 680,000, Malanville da Karimama na ciki. A 2013 kogin ya sake shigo mana. Wanda ya kwafe hotunansa a kwamfuta, ya ajiye katin da kwamfutar a ɗaki guda, ranar da ruwa ko gobara ko ɓarawo ya shigo, tare za su tafi.

To mene ne magani? Wani mai hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi a littafinsa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga yadda muke bin ta gwargwadon ƙarfinmu. In kyamara mai ramin kati biyu ce, mukan sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. In mai rami ɗaya ce, mukan raba yinin biki a ƙananan katuna biyu ko uku maimakon babba guda. Da mun dawo, kafin mu ci tuwo, sai mu kwafe a kwamfuta, mu sake kwafewa a faifan ajiya na waje, mu buɗe wasu mu tabbata sun fito. Kwafi na uku mukan kai shi gidan ɗan'uwa a kan tudu, ko mu ba amintacce mai zuwa Kandi, ko mu ɗora a intanet in layi ya yi kyau. Ba ma goge kati sai ukun nan sun cika. Gaskiya ne faifai kuɗi ne, amma ana sake sayen faifai, ba a sake ɗaurin aure don mai hoto.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kati ya ƙi buɗewa ko an goge shi, a cire shi nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto guda a kansa. Sau da yawa hotunan na nan kwance sai an rubuta wasu bisansu. Akwai manhaja kyauta mai suna PhotoRec, ta wani Bafaranshe Christophe Grenier, wadda kan iya tono su. Sai dai rigakafi ya fi magani.

Ku ma iyayenmu da ƙannenmu masu kiranmu aiki, kuna da naku rabon. Ku tambayi mai hoto wuri nawa ya ajiye hotunanku, ku karɓi naku kwafin a kile. In za ku tura ta WhatsApp, ku tura a matsayin takarda, don in ba haka ba yakan rage musu kyau. Waɗanda suka fi muku daraja kuwa, ku sa a wanke su a takarda. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya a 2023, bayan juyin mulkin Yamai, 'yan'uwa da yawa a hoto kaɗai suka ga amaryarsu da jaririnsu. Akwai kuma tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda jikokinsu ba za su san kamanninsu ba sai ta hoton wani suna da aka yi.

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kare mu daga ruwa da wuta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.