Kafin Ka Kira Fita

Ɗana, ga makulli, amma zauna tukuna. Motar nan ta girme ka. Land Cruiser ce mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, silinda shida, lita 4.2, dizal take sha. Babu wata kwamfuta a cikinta da za ta faɗa maka ciwonta, sai kunnenka da hancinka.

In ta tsaya, fara zargin abin da ya fi araha. Da kuɗina da barcina na sayi wannan karatun. Wata shekara za mu Bawku biki, mun wuce Kintampo ba mu kai Buipe ba, sai ta fara shaƙewa a hawa, ta yi tari biyu, ta mutu. Wani fita na bakin hanya ya sa na murɗa makulli, ya kaɗa kai, ya ce famfon injekta ya tafi, sai an ja ta zuwa Magazin a Kumasi. Nan muka kwana, sauro ya yi walima da mu. Da asuba wani dattijon direba da ya ɗauko albasa daga Nijar ya leƙa, bai ce uffan ba. Ya sa gwangwani ƙarƙashin filtar mai, ya kwance ɗan murfin gindinta. Ruwa ne ya fara zubowa, ja kamar na kududdufi, kafin dizal ya biyo. Ya ɗaure, ya yi ta danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar har ya yi tauri, iskar ta fita. Bugu ɗaya ta tashi. Laifina ne, don ni na sayi mai a jarka saboda araha.

Sai maganar ruwa. Kai ɗan Nima ne, ka san yadda babban gwata yake cika a watan Yuni, kuma kowa yana tuna ambaliyar daren 3 ga Yuni 2015 a Circle. Don motar tana da tsawo, samari suna ɗauka kwalekwale ce. In aksil ya yi zafi ka tsoma shi cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, ya zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa. A ranar ba za ka ji komai ba. Bayan wata biyu za ka ji gunji daga baya, lokacin haƙoran cikin aksil ɗin sun ci kansu. Saboda haka duk ranar da ta yi iyo, washegari kwanta ƙarƙashinta ka duba man. In ya koma kamar shayi da madara, zubar. Amma fara kwance kusar da ake zuba mai ta sama kafin ta ƙasa. Na ga wanda ya tsiyaye mai tas, ta saman ta ƙi kwantuwa, ya kwana uku yana kallon mota.

In za ka Abossey Okai sayen kayan gyara, riƙe tsohon ƙarfen a hannu, kada ka je da baki kawai, yaran can sun fi ka zance. Ƙofa, fitila, sifirin, sayi hom-yus, wato na hannu, ba laifi. Bel ɗin taimin kuwa sabo fil, kuma wannan aikin fita ne, kada ka gwada, don in ya tsinke injin yana gudu, bawul da fistin za su gaisa. Haka birki, kana da iyalin mutane a baya.

Kullum ka dawo daga sallar asuba, kafin koko, buɗe bonet tana da sanyi: baƙin mai, ruwan lagireto, kan batir. Sannan duƙa ka duba ƙasa inda ta kwana, ka taɓa ɗigon da ka gani ka sansana. Sifana mai lamba 24 tana ƙarƙashin kujerar direba, naɗe cikin tsohuwar rigata. Kada ka ba kowa aronta.