Kada Mu Ƙona Littattafan Yaranmu

'Yan'uwa, wasu iyaye a Tokpa-Hoho, nan Kwatano, suna ƙona littattafan wasan da yaranmu suke saye wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, domin akwai hoton boka da dodo a bangonsu. Ina roƙonku ku dakata.

Steve Jackson da Ian Livingstone ne suka rubuta na farkon jerin Fighting Fantasy a Ingila a 1982, daga baya kamfanin Gallimard ya buga shi da Faransanci. Sassa 400 gare shi. Mai karatu shi ne jarumin: ya zaɓi hanya, ya jefa ƙwayoyin ludo biyu, in ya mutu ya koma farko.

Yara suna tara su, suna musaya, suna gardama kan ƙofar da ta kamata a buɗe. Wanda ba ya taɓa littafin makaranta ma yakan wuni yana karatu.

Dodo ba baƙo ba ne, kakanninmu sun sa shi cikin tatsuniya. Ni dai nakan zauna tare da yaro in tambaye shi, don me ka saci akwatin mai gadi yana barci? Daga nan zancen zunubi da tsoron Ubangiji yakan taso da kansa. In an ƙona littafin, yaro zai aro wani a ɓoye, mu kuwa mun rasa wannan zance.