Ranar da Aka Gwada Hausar Kakanninmu

Bayan katsewar intanet a Sudan cikin Fabrairun 2024, neman aiki daga Hajji Abdalla ya koma sayen sa'a guda ta Starlink. Cikin irin wannan sa'a wani kamfani mai neman tafintan Hausa da Larabci ya gwada ni ta Zoom, murya tana yankewa, kuɗina yana ƙarewa.

Mai tambayar, Bakanuwa, ta ce in fassara bayanin likita. Na ce mustashfa, ta ce su asibiti suke cewa, kana ta tambayi asalin Hausata. Na ambaci kakanninmu da suka biyo hanyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903.

Harshen da muke sassauta murya da shi a kasuwar Madani, yau shi ake nema da albashi. Ina jiran amsarsu.