Kafin Kifi, Sai Katako Da Bututu

Duk wanda ya tashi a zango ya san murjani. Shi ne jan dutsen nan da kakanninmu mata suke ɗaurawa a wuya da hannu ranar biki, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hanyar Sahara. Amma da yawa daga cikinmu ba su san cewa murjani abu ne mai rai ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne da suke zaune jama'a guda a cikin teku, suna tsotsar sinadarin alli daga ruwa suna gina wa kansu ƙashi. Ja ɗin da muka sani iri ɗaya ne kawai. Akwai ɗaruruwan danginsa a tekuna masu ɗumi, irin su Bahar Maliya da tsibiran Indunisiya, waɗanda suke gina tuddai a ƙarƙashin ruwa, kifaye masu launi suna kiwo a tsakaninsu.

Mu a nan Gana, ko da yake teku tana bakin ƙofarmu, ba mu da irin waɗannan tuddai. Dalili kuwa shi ne, kowace shekara daga wajen Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku a gaɓarmu, ga kuma manyan koguna irin su Volta da suke zubo ruwan daɗi da laka. Murjani kuwa ba ya son sanyi, ba ya son dagwalo. Saboda haka mutumin Ankara da yake son ya ga rayayyen murjani a kullum, sai dai ya haɗa masa 'yar teku a cikin tankin gilashi a falonsa. Abin da na yi ke nan, kuma labarin aikin nake son in ba ku, jama'a masu karatu. Ba zan yi dogon bayani a kan kifin ba. Maganata a kan teburin da ya ɗauki tankin ne da bututan da ke ƙarƙashinsa, domin a garin nan namu duk wanda zai yi wannan aiki, to ya gina shi don ranar da za a ɗauke wuta.

Bari mu fara da nauyi. Tankina tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 60, zurfi 50, wato yana cin lita 360. Ruwan teku ya ɗan fi ruwan famfo nauyi, domin kowace lita tana ɗauke da gishiri giram 35, saboda haka ruwan kaɗai ya kai kusan kilo 370. Gilashin, mai kaurin milimita 12, ya kai kilo 75. A ƙara duwatsu da yashi, a ƙara ƙaramin tanki na biyu da ke zaune a cikin teburin da nasa ruwan, sai lissafi ya tashi wajen kilo 570. Wannan ya haura buhun siminti 11, a jibge a wurin da bai kai tabarmar salla biyu ba, kuma a ɗakin da yara suke rarrafe. Da na gama wannan lissafi na san cewa teburin talabijin ko kabad ɗin kasuwa ba su shigo cikin zance ba. Ɗakina a ƙasa yake, daɓen kankare, shi ya sa hankalina ya kwanta. Wanda yake zaune a bene, ya nemi magini ya duba masa tukuna, ya kuma gaya wa mai gidan.

Wani abokina mai walda ya ce in bari ya haɗa mini da ƙarfe a kwana ɗaya. Na gode masa, amma na ƙi. Kowa ya ga yadda iskar teku take cin ƙarfen taga a Ankara, balle ƙarfen da zai kwana ya tashi da tururin ruwan gishiri. Ana iya yi da ƙarfe idan an sami fenti na musamman, amma ni katako na zaɓa. Na tafi kasuwar katako tare da wani dattijo kafinta na unguwarmu a Nima. Mai sayarwa ya nuna mana wawa, ya ce ya fi araha. Dattijon ya daddanna shi da farce, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan na silin ne da akwati. Kayan da ka faɗa mini sai odum." Na ce, "Baba, yadda ka ce." Odum katako ne mai tauri da ba ya saurin ruɓewa a laima, gara ma ba ta cika damunsa ba. Muka zaɓi busasshe, domin ɗanyen katako yakan murɗe idan ya bushe, teburin da ya murɗe kuwa shi ke fasa gilashi.

Dokar da muka bi wajen haɗawa guda ɗaya ce: katako ya hau kan katako. Mun yi firam biyu da tu-bai-fo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan muka tsayar da ƙafafu a tsakaninsu, biyu-biyu a kowace kusurwa, ta yadda firam ɗin sama yake zaune daram a kan ƙafafun, nauyi ya bi jikin katako ya sauka ƙasa. Kusoshi aikinsu riƙewa ne kada wani abu ya goce, ba a ɗora musu kaya ba. Su ma ɗin masu murɗi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, aka haɗa da gam mai jure ruwa. Baya da gefuna biyu muka rufe da filawud mai kaurin milimita 18, domin tebur mai ƙafafu kawai yana iya karkacewa gefe idan aka ture shi, ko da yana da ƙarfin ɗaukar kaya daga sama. Cikinsa muka shafe da fenti mai hana ruwa har sau uku, muka tayar da baki a ƙasan kamar faranti don ya tare abin da ya ɗiga. Daga nan sai lebur. Daɓen gidajenmu ba kasafai yake daidai ba, saboda haka muka yi ta aunawa gaba da baya, hagu da dama, muna cusa siraran katako a ƙarƙashi har kumfar ma'aunin ta tsaya a tsakiya. A saman teburin muka shimfiɗa siririn soso kafin a ɗora gilashin, don kada ƙwayar yashi guda ta zama sanadin tsagewa.

To, sai maganar bututu. Mai karatu zai ce, me ya kawo tanki na biyu? Amfaninsa uku ne. Yana ƙara yawan ruwa, ruwa mai yawa kuwa ba ya saurin lalacewa. A cikinsa ake ɓoye injin kumfa, wanda yake tsamo datti daga ruwa kafin ya ruɓe. Sannan kuma ruwan da ke gangarowa daga sama yana kwashe maiƙon da ke taruwa a fuskar ruwa, iska ta sami hanyar shiga. Yadda abin yake tafiya shi ne, injin da ke tankin ƙasa yana tura ruwa sama, ruwan ya tumbatsa cikin wani ɗan akwati da ke bayan babban tanki, daga nan ya gangaro ta bututu ya dawo ƙasa. Haka yake zagayawa dare da rana. Nawa injin yana kai wajen lita 1,500 sama a awa guda, wato kamar ninki huɗu na ruwan tankin. Wanda zai saya ya lura cewa adadin da aka rubuta a kwali na injin da bai ɗaga ruwa ko'ina ba ne. Tsayi da kowace kwana ta bututu suna rage masa ƙarfi.

Ramuka uku mai gilashi ya huda mini, da haƙorin lu'ulu'u yana zuba ruwa, kuma sai da muka tabbata gilashin ba irin wanda aka gasa ba ne, domin gasasshen gilashi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Rami ɗaya na hawan ruwa ne, biyu na saukowa. Wannan tsari na bututu biyu masu wannan sha'awa suna kiransa Herbie. Na farko yana nutse a ruwa, yana da bawul da ake murɗawa a hankali har ya daina shan iska, ruwa ya sauka shiru babu ƙugi. Na biyu bakinsa yana sama kaɗan, a buɗe, kusan a bushe, yana jiran ranar da dodon koɗi ko gansakuka za su toshe na farko. Duka bututan na roba ne, PVC, kuma a kowane layi na sa mahaɗi mai kwancewa da hannu don a iya cire inji a wanke ba tare da an yanka komai ba. Mai gyaran famfon da ya taya ni ya zo da bawul na tagulla, irin wanda ya saba sa wa gidaje, na ce masa ya mayar. Jan ƙarfe da tagulla guba ne ga murjani da jatan lande, ko kaɗan ne ya narke a ruwa ya isa ya kashe su. Haka nan silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna, shi ma ba ya shiga wannan aiki.

Yanzu mun zo inda gizo yake saƙa. Wanda ya zauna a ƙasar nan a shekarar 2015 bai manta da dumso ba, lokacin da ake kwana a wuni babu wuta. Ko yau ma babu mai rantsuwa cewa ba za a ɗauke ba. Da zarar wuta ta tafi inji zai tsaya, amma ruwa ba zai tsaya ba. Wanda ya haura bakin akwati zai ci gaba da gangarowa, sannan bututun hawa shi ma zai juya ya riƙa zuƙo ruwa daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda direba yake zuƙo fetur da tiyo, har sai bakinsa ya sha iska. Faɗin tankina ya sa kowace santimita ɗaya ta ruwa lita 7 ce da 'yan kai. Idan bakin bututun yana santimita 20 a ƙarƙashin ruwa, to lita 144 za su sauko cikin tankin da duka-duka lita 128 yake ci, kuma da ma da ruwa a cikinsa. Sauran sai tsakar ɗaki, kan kafet da wayoyin lantarki, da ƙarfe biyun dare.

Maganin ba tsada gare shi ba, lissafi ne. Na ɗaga bakin bututun hawa ya zama santimita 3 kacal a ƙarƙashin fuskar ruwa, saboda haka abin da zai sauko, har da na cikin akwati da bututai, bai kai lita 30 ba. Tankin ƙasa kuma ba na cika shi. Ina tsayar da ruwansa a santimita 25 daga cikin 40, wato kullum akwai gurbin lita 48 yana jira. Wasu sukan dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya, wasu kuma da ɗan rami a jikin bututu. Duka biyun suna aiki ranar da aka sa su, amma gishiri da gansakuka suna toshe su a hankali ba tare da mutum ya sani ba. Gurbin da aka bari fanko ba ya toshewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin in zuba gishiri ko cokali ɗaya, na cika komai da ruwan famfo na bar shi kwana uku, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin kowane mahaɗi don ɗigo ya nuna kansa. Sannan na yi gwaji biyu. Na farko na zare wuta da hannuna na tsaya ina kallo har ruwa ya gama saukowa, na ja layi a jikin tankin ƙasa inda ya tsaya, na mayar da wuta na ga komai ya tashi da kansa ba tare da na taɓa shi ba. Sau goma na maimaita. Na biyu na rufe bawul ɗin bututun farko gaba ɗaya, na ga na biyu ya ɗauke ruwan duka, da ƙara mai yawa, wadda ita ce ƙararrawar da za ta tashe ni. Uwargida, wadda tun farko sharaɗinta shi ne kada ta taɓa taka ruwa a falo, ita ce ta zare wutar a karo na ƙarshe.

Ɗauke wuta yana da haɗari na biyu. Idan ruwa ya daina motsi iskar da ke cikinsa takan ragu, cikin 'yan awoyi kifi ya fara haki, musamman da zafi. Don haka a cikin teburin na ware ɗaki guda busasshe, da bango tsakaninsa da tankin ƙasa, na ajiye batir da ke riƙe ƙaramin injin kaɗa ruwa. A nan ne kuma duk soket suke, a sama, kowace waya an bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Layin gaba ɗaya yana bayan na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta fara zurara, domin ruwan gishiri da wuta mai ƙarfin bolt 230 ba abokan wasa ba ne ga mai tsoma hannu. A ƙofofin teburin na bar tagogin iska na sa 'yar fanka, saboda murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, zafin Fabrairu zuwa Afrilu kuwa yakan wuce haka a ɗaka. Idan ruwa ya yi zafi murjani yakan kori 'yan tsiron da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Fanka tana sanyaya ruwa amma tana ƙafar da shi, balle da hunturu, gishiri kuwa ba ya tashi da tururi. Shi ya sa abin da ya ƙafe da tataccen ruwan daɗi ake mayar da shi, har zuwa layin da aka ja.

Bayan an zuba gishiri da duwatsu, sai da tankin ya yi mako shida babu kifi, don ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifi su yaɗu. Baƙi suna zuwa suna tambaya ina kifin, ina ce musu yana tafe. Murjanin da na sa daga baya 'yan reshe ne da aka raina a tankin wani. Masu ƙashi daga cikinsu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, kuma ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda, saboda haka mai saye ya tambayi inda aka samo.

Shawarata ga ɗan'uwan da wannan abu ya ba shi sha'awa ita ce, ya kashe kuɗinsa na farko a kan katako da bututu da batir, ya bar kifi su zama na ƙarshe. Idan ya gama, ya cika da ruwan famfo, ya kira iyalinsa su tsaya, ya zare wuta. In ƙasa ta kwana a bushe, to ya je ya sayo gishiri.