Daga Filin Folo Na Katsina Zuwa Dala, Da Komowa Kan Sirdi

Duk baƙon da ya sauka Katsina da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, ba zai daɗe ba zai gane cewa garin dawaki ya shigo. Da la'asar sakaliya sai ya ga 'yan barga suna fitowa kilisa, wani bisa doki yana jan wani, sun nufi filin folo, watau ƙwallon dawaki. Wasan ya daɗe a garin. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, shi ya kafa shi a nan, ɗansa kuma Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya ƙware a kansa har sunansa ya kai ƙasashen waje.

Amma in baƙo ya kau da ido daga 'yan wasa takwas da ke sukuwa a tsakiyar fili, ya dubi gefe, da wuya ya rasa wani mahayi zaune, ya miƙe ƙafa ɗaya, sandar dogarawa a kusa da shi. Ciwonsa a gwiwa yake. A folo doka ta yarda mahayi ya matsa wa abokin karawarsa, doki da doki, gwiwa da gwiwa, don ya kawar da shi daga ƙwallo. Ga kuma faɗuwa, wadda mafi muninta ita ce ƙafa ta maƙale a likkafa jiki ya juya.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, ta gaban ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame ya bar na cinya. In ta tsinke, mutum yakan ji ƙara, gwiwa ta kumbura kafin dare. A nan ne da yawa kan ɓata lokaci, gama sai a ce targaɗe ne, a kira maɗori. Maɗori kuwa, duk gwanintarsa kan karaya, hannunsa ba ya isa inda wannan jijiya take, kuma ba ta cika haɗewa da kanta ba. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Kumburi ya saɓe, mutum ya ɗauka ya warke, ran nan yana juyawa sai gwiwa ta kife da shi.

Daga nan akasari sai a kama hanyar Kano, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Yadda likitoci kan yi wannan aiki shi ne su yanko wata jijiya daga jikin majiyyacin kansa, ko ta bayan cinya ko ta ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, su huda ƙasusuwan biyu, su zura ta a madadin wadda ta tsinke. Aikin sa'a ɗaya ne ko biyu. Jinyar ita ce doguwa.

Makonnin farko na sanda ne, da faman miƙe ƙafa sarai, da tayar da naman cinya wanda kan zube cikin 'yan kwanaki har mai shi ya tsorata. Abin da mahaya ba su so su ji shi ne, a wata na biyu da na uku, sa'ad da zafi ya tafi mutum yana tafiya ba ɗingishi, a lokacin ne sabuwar jijiyar ta fi rauni, domin jiki bai gama mayar da ita tasa ba. Saboda haka likitoci kan ce wasa mai juyi da karo sai bayan wata 9 zuwa 12. A Katsina kuwa wannan magana ce mai nauyi, gama cikin waɗannan watanni lalle Salla ta zo, hakimai su shigo gari da jama'arsu, dawaki su cika Ƙofar Soro, a ga dokin mutum wani ne a kai. Ba ƙaramin haƙuri ke zaunar da ɗan gidan sarauta a ranar nan ba, kuma ba kowa ke iyawa ba.

In likita ya ba da izini, ba zaman sirdin ne abin tsoro ba, hawa da sauka ne. Ana hawan doki ta hagu, sai ƙafar hagu ta ɗauki nauyin jiki duka a likkafa tana murɗawa. Don haka mai hankali yakan taka dakali ko turmi ya hau, ɗan barga na riƙe da linzami, in zai sauka kuma ya zame a hankali, ba ya dira. Akan zaɓar masa tsohon doki mai sanyin hali, a sassauta likkafa don kada gwiwa ta lanƙwashe da yawa, a fara da taƙama ta 'yan mintoci a gefen fili. Sassaka sai bayan makonni, sukuwa kuwa sai cinyar da aka yi wa aiki ta kusa kamo 'yar'uwarta ƙarfi.

Gab da magariba, in wasa ya tashi ƙura ta lafa, shi ne lokacin irin waɗannan mahaya. Sukan zaga filin sau ɗaya ko biyu, ba sanda ba ƙwallo, sa'an nan su juya kan doki su nufi inda aka ajiye musu turmin sauka.