Dodon Turawa a Ɗakin 'Ya'yanmu

Wata Asabar bayan La'asar, wata baiwar Allah ta shigo zauren Maigida a nan Dichemso. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta kwance ƙullin zane, ta zube littattafai huɗu masu baƙin bango. Ta ce a ƙarƙashin katifar 'yarta ta same su, kuma an shaida mata labarin masu shan jini ne, don haka tana neman izini ta ƙona su. Maigida ya jujjuya su, ya miƙo mana, ya ce, "Malam, ba a yanke hukunci da jin baki ɗaya. Ku je ku karanta, ku zo mana da bayani."

Turancinmu na rubuta wasiƙa ne, saboda haka sai da muka yi wata biyu a kansu, yarinyar da kanta tana warware mana inda muka cije. Sunan jerin Twilight, wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da su daga 2005 zuwa 2008. Labarin Bella ne, 'yar shekara 17, wadda ta koma wurin mahaifinta a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama, Forks. A makaranta ta kamu da son Edward, saurayi a ido, alhali an haife shi tun 1901. Annobar murar 1918, wadda ta ci rayuka har a nan ƙasar Asante, ta kai shi bakin kabari, sai wani likita ya mai da shi mai shan jini don kada ya mutu. Akwai kuma Jacob, mai rikiɗa kyarkeci, kamar yadda ake ba mu labarin masu rikiɗa kura.

Adalci ya wajaba ko a kan littafi. Mun shiga da zaton za mu tarar da batsa, sai muka tarar da saurayin da ya ƙi kusantar budurwa sai bayan aure. Danginsa kuma sun haramta wa kansu jinin ɗan Adam, suna fama da ƙishinsa dare da rana. Wanda ya san yaƙi da son zuciya zai gane wannan. Haka kuma ba mu da bakin zargin yaranmu da son labarin abin al'ajabi. Mu ma muna samari mun bi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, har ƙasar aljannu, muna karɓar aronsa daga hannun fataken da ke zuwa daga Kano.

Abin da ya tsaya mana a rai guda biyu ne. Na farko, wannan saurayi yana shiga ɗakin yarinya ta taga da dare, yana kallonta tana barci ba da saninta ba. Daga baya har ya lalata mata mota don kada ta ziyarci wani. Littafin ya kira wannan ƙauna. Mu da muke zama a zaure muna rubuta ƙorafin ma'aurata mun san sunansa na gaskiya, mun kuma ga inda yake ƙarewa.

Na biyun ya fi nauyi. Muna tsakiyar karatu muka tuna cewa mun san wannan labari tun muna kan tabarmar kakarmu a Aboabo. Tatsuniyar budurwa ce da ta ƙi duk samarin gari, ta ce sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya. Dodo ya ji, ya ari jikin mutane, ya zo ya aure ta. A kan hanya ya riƙa mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, har ainihinsa ya bayyana. Ƙanenta da ta raina shi ya bi sawunta ya kuɓutar da ita, ta dawo gida ta nemi gafarar iyaye. A littafin Turawa kuwa, yarinyar ce take roƙo a mai da ita irinsu. A na huɗu burinta ya cika, ta ɓoye wa mahaifinta gaskiyar abin da ta zama, aka ce labari ya ƙare da daɗi.

Muka ba yarinyar wannan tatsuniya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, wallahi ban taɓa jin ta ba. Wa zai ba mu?"

Nan jikinmu ya yi sanyi. Yaranmu suna jin Hausa a gida, amma a makarantar gwamnati Turanci da Tonanci suke koyo, domin Hausa ba ta cikin harsunan da Gana ke koyarwa. Da yawansu ba su iya karanta ta a boko, balle ajami, a ƙasar da Alhaji Umaru na Karaki ya yi ta rubutu da ajami har ya rasu a 1934. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Kakanni sun yi shiru, waya ta karɓi dare, yarinya kuma ta sayi labari a gwanjon Kejetia da kuɗin abincinta. Mu 'yan Zango tsiraru ne a tsakiyar Asante. Idan labarin da 'ya'yanmu suka fi so shi ne na wadda ta bar jinsinta ba ta waiwayo ba, ya kamata mu tsaya mu yi tunani.

Haka muka kai wa Maigida bayani. Ya ce a mayar wa yarinya littattafanta, kuma duk daren Alhamis bayan Isha'i tsofaffi mata su zauna a tsakar gidansa su yi tatsuniya, mu kuma mu rubuta. An yi zama biyar ke nan. Yarinyar ce ta karɓe mana aikin rubutun, a wayarta. Jiya ta aiko tana tambaya yadda ake samun "ƙ" mai ƙugiya, wai tana son ta rubuta "ƙane" daidai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba tsofaffinmu tsawon rai.